Yadda Sabunta Kwamfuta Ya Cinye Shaidar Gonar Ƙanwata

Zuwa ga Malam mai gabatar da shirin kwamfuta da waya na ranar Asabar, a gidan rediyon da muke kamawa a nan ƙasar Mafara.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi maka barka da aiki, kai da abokan aikinka baki ɗaya. Yaya iyali, yaya ɗawainiya da jama'a? Allah ya sa kowa yana lafiya, ya ƙara maka basira, amin.

Ba ka san ni ba. Sunana Malam Mande, tsohon malamin firamare ne ni, na yi shekara talatin da 'yan kai da alli a hannu kafin in ajiye aiki. Ina zaune a Talata Mafara, amma asalina wani ƙauye ne a ƙasar Maradun, wanda ba zan kama sunansa ba. Ina cikin masu sauraronka da ba sa fashi, kuma na ƙaru da kai ba sau ɗaya ba. Shi ya sa wannan takarda ta yi mini nauyin rubutawa. Na zaɓi in rubuta ta a fili ne domin shawarar da ta kai ni ga wannan hali a fili ka bayar da ita, kuma na san ba ni kaɗai na bi ta ba.

Bari in fara da abin da ke cikin kwamfutata, don in ba ka san shi ba, za ka ɗauka tsoho ne kawai yake kukan hotunan biki.

Shekara shida ke nan da ƙauyenmu ya watse saboda rashin tsaro. Wasu suka yo Mafara, wasu Bakura, wasu Garbadu, kowa inda ya sami mai karɓarsa. Gidaje ba su dame mu ba sosai, ƙasa ce da kara, in an koma a sake. Gonaki ne abin ji. A wurinmu babu takardar gona. Iyaka ita ce layin gamba, ko aduwa, ko suri, ko wata tsamiya da kowa ya sani, sai kuma abin da dattawa suka riƙe a ka. A cikin shekarun nan gambar ta ƙone, itatuwan an sare su an yi gawayi, ruwa ya share sauran. Abin da ya rage shi ne mutum ɗaya, Baba Nomau, tsohon da aka yi kusan kowane ciniki da kowane rabon gado na ƙauyen a gabansa. Ya san wadda aka saya, ya san wadda aka ara, ya san wadda aka jinginar aka fansa. In ya yi magana a kan gona, ko mai taurin kai sai ya saki.

Baba yana zaune Bakura wajen 'yarsa, jiki ya yi rauni, ido ya tafi, amma kai garau. Sai na ga in ba a yi wani abu ba, ranar da ya faɗi iyakokinmu sun bi shi. Na shiga zuwa Bakura duk ranar Lahadi, wani lokaci a mota, wani lokaci a kan babur, in zauna gabansa a zaure in kunna waya. Shi kuma sai ya ɗauki gona ɗaya ya zagaye ta da baki, gabas da wane, yamma da wane, daga ina zuwa ina, yadda ta shigo hannun mai ita da waɗanda suka shaida. Wata bakwai muna wannan aiki. Muka yi gona arba'in da uku. Memorin wayata ƙarami ne, don haka duk na dawo gida sai in juye abin da na ɗauka a kwamfuta, in goge na waya domin a sami wurin na mako mai zuwa.

Amma Baba ya kafa mini sharaɗi, har sai da ya sa na ɗaga hannu. Ya ce kada in tura wa kowa, kada in kunna wa kowa, kada ma in ce akwai shi, sai ranar da aka koma aka zauna gaban mai gari. Ya ce mutanen da ke gudun hijira zukatansu a kusa suke, in zancen iyaka ya shiga wayoyi yana yawo, 'yan'uwa za su daina gaisawa a kan gonar da babu mai iya takawa cikinta. Na ga gaskiyarsa, na yi alkawari. Mutum biyu kawai suka sani bayan ni, matata da ƙanwata Hadiza. Bara da damina Allah ya yi wa Baba rasuwa, Allah ya jiƙansa.

Hadiza ta sani ne saboda gona ta goma sha tara tata ce. Mijinta Garba ya saye ta, fadama ce a bakin rafi, kafin a kashe shi a hanyar kasuwa a shekarar da muka tashi. Ya bar ta da 'ya'ya mata uku. 'Ya'yan wanda ya sayar masa yanzu suna cewa aro ne mahaifinsu ya ba shi. Ba na ce musu maƙaryata ba, yara ne lokacin da aka yi cinikin, mai yiwuwa haka suka taso suna ji. Shaidu biyun da aka yi a gabansu duk sun rasu. Na ukun shi ne Baba, kuma na ji shi da kunnena, wayata tana ɗauka, yana cewa: "Wagga gona saye anka yi, ba aro ba. Gabana anka biya, ni na aza hannun Garba bisa na mai ita." Wannan magana ita ce duk abin da Hadiza da marayunta suka mallaka a duniya. Tana can Garbadu tana yi wa mutane sussuka da casa, tana jiran ranar komawa.

To, yanzu sai in zo kanka, Malam.

Kwamfutata laftof ce ta hannu, na saye ta da wani abu daga kuɗin sallamata. Ta tsufa. Batirinta ya mutu tuntuni, in aka zare wayar wuta sai ta mutu nan take, kamar an hure fitila. Ta daɗe tana nuna mini wani saƙo, wai akwai sabuwar babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da kwamfutar baki ɗaya, in amince a sauya mini. Kullum sai in danna "daga baya". Ba wayo ba ne, tsoro ne irin na wanda bai san abu ba.

Sai wata Asabar ka yi shiri guda a kan wannan batu. Ka ce masu tsohuwar manhajar sun kusa daina kula da ita, wanda ya zauna a kanta ya bar ƙofarsa a buɗe ga ɓarayin intanet, za su shiga su kwashe kuɗinsa na banki. Ka ce duk wanda ya ga saƙon ya danna ya amince, babu abin tsoro, kayansa za su zauna yadda ya bar su. Har ka yi dariya ka ce akwai dattawan da sabon abu ke ba su zazzaɓi. Wallahi Malam, wannan dariya ta shige ni. Ni da na koya wa rabin ƙauye karatu, a ce yau ni ne tsohon da ake yi wa dariya a rediyo? Kuma sai na ji wani tsoron ya taso, kada ɓarayin nan su shiga su taɓa amanar Baba. Ka ga ikon Allah, don in tsare ta na yi abin da ya kashe ta.

Kwana huɗu na yi ina sayen data tana sauke abin a hankali, duk lokacin da aka kawo wuta. A rana ta biyar, da hantsi, ta ce ta gama saukewa, za ta kashe kanta ta tashi. Na danna. Fuskarta ta yi shuɗi, ta rubuta cewa kada a kashe ta, lamba tana hawa a hankali. Na zauna na zuba mata ido, har na ƙi tashi in ci abinci. Ta kai sittin da wani abu, ana kiran sallar azahar, aka ɗauke wuta.

Da wuta ta dawo washegari na kunna. Sai ta nuna ɗigo-ɗigo suna zagaye, ta mutu, ta sake tashi, ta sake zagaye. Haka ta wuni. Na yi addu'ar da na sani, na zare waya na mayar, babu abin da ya sauya.

Ranar Talata, ranar kasuwa, na naɗe ta a zane na kai wa Lawali mai gyara. Magidanci ne mai amana, mun daɗe da shi, kuma ba na so kowa ya ɗora masa laifin da ba nasa ba. Shagon a cike yake, kuma cikin masu jiran waya akwai mutum biyu 'yan ƙauyenmu, ɗaya ma suruki ne ga waɗanda ke ja da Hadiza. Lawali ya duba ya ce manhaja ce ta karye a tsakiya, mafi sauƙi a wanke ta a zuba sabuwa. Ya tambaye ni ko akwai wani abu mai muhimmanci a ciki. Na dubi mutanen nan biyu, na tuna alkawarin Baba, sai na ji bakina ya ce ba komai, 'yan tarkace ne. Ya sake tambaya, Allah shaida ne ya sake. Na ce masa ya yi aikinsa kawai. A zuciyata wanki wanki ne, a cire datti a bar kaya. Kuma ga maganarka a kunnena, cewa kaya za su zauna yadda aka bar su. Na yi niyyar in dawo bayan la'asar in ja shi gefe in yi masa bayani. Da na dawo ya riga ya gama, yana murna ya yi mini sauri.

Na buɗe a gabansa. Kwamfuta ta tashi fes, da sabon hoto mai kyau. Na nemi foldar da na sa wa suna "Lahadi", babu ita. Na nemi komai, babu komai. Na zauna a kan bencin shagon ina salati. Da na gaya wa Lawali abin da ke ciki, sai ya dafe kai ya ce, "Haba Malam, da ka ce mini ko da kalma ɗaya ce, da na ciro su duka kafin in taɓa ta. Ɗauke wutar nan bai ci su ba, suna nan lafiya har safiyar yau." Wannan magana ita ce ba ta barina in ji daɗin abinci har yanzu.

Ya rufe shago kwana biyu yana neman abin da zai iya cetowa, bai karɓi ko sisi ba. Ya kai ta wajen wani da ya fi shi sani a Gusau. Abin da aka samo shi ne wasu hotunan takardun makaranta da guntun murya ɗaya da bai kai minti guda ba. Zakara yana cara a gidan Bakura, Baba ya yi gyaran murya, ya ce bismillahi, gona ta gaba, sai abin ya yanke. Ina kunna shi a wayata wani lokaci in ni kaɗai ne, kuma duk na kunna sai na yi hawaye, ba na jin kunyar faɗa.

Laifina na ɗauka, kuma shi ne babba. Ni na ajiye amanar gona arba'in da uku a wuri ɗaya tak. Ni na ce ba komai. Ba na neman wanda zan sauke wa wannan kaya. Amma akwai naka kason, Malam, kuma girmanka da nake gani ne ya sa zan lissafa maka shi ba ɓoye-ɓoye.

Na farko, ka auna gefe ɗaya ne kawai. Ban ce ƙarya ka yi game da ɓarayin intanet ba, na tambayi masu sani sun ce gaskiya ne, kuma wanda yake harkar kuɗi ko aikin ofis da kwamfutarsa kullum a kan intanet, lallai zama a kan tsohuwar manhaja hatsari ne gare shi. To amma ni fa? Kwamfutata tana yin wata biyu ba ta ga intanet ba. Babu banki a cikinta, ɗan fanshona a waya nake ganinsa. Hatsarin da ka tsoratar da ni da shi yana nesa da ni, wanda ba ka ambata ba kuwa yana zaune a ɗakina. Da ka ce kowa ya tambayi kansa me zai rasa in ya jira, me kuma zai rasa in abin ya lalace a tsakiya, da na zauna na yi lissafi, kuma ko ɗalibin aji uku ya san amsar da zan samu.

Na biyu, wuta. Ban san inda kake zaune ba, wataƙila gidan rediyo yana da janareta da ba ya tsayawa. Amma ka san garuruwan da muryarka ke sauka. Waɗanda suka ƙera wannan manhaja suka rubuta "kada a kashe", ba su san Mafara ba, ba su san akwai inda mutum ba shi ke kashewa ba, kashe masa ake yi. Su an yafe musu. Kai ɗan ƙasa ne. Ka san yawancin kwamfutocin da ke gidajenmu na hannu ne, sun tsufa kafin su zo, batirinsu ya gaji. A shiri na kusan awa guda, ban ji ka ambaci wuta ko batir ko sau ɗaya ba, sai ka ce a wata ƙasa kake magana.

Na uku, batun ajiye kwafi a wani wuri. Wani abokina da muke sallah tare ya rantse ka faɗa, a ƙarshe, cikin sauri, kiɗan rufe shiri yana tashi. Ba zan ƙaryata shi ba. Ni dai ban ji ba, kuma rediyon a kunnena yake. Abin da ya kamata ya zama farkon magana da tsakiyarta, bai dace a jefa shi a bakin ƙofa ana sallama ba. Filas guda ɗaya, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta a kwafe kaya, wanda bai kai kuɗin motar zuwa Bakura sau biyu ba, da na kulle shi a akwatin matata, da alkawarin Baba bai karye ba kuma muryarsa tana nan. Ban san haka ake yi ba. A tunanina kwamfuta ita ce rumbu, waya ita ce kwando, wanda ya juye a rumbu ya gama.

Sai dariyar nan. Ba zan tsawaita a kanta ba. Tsoron da ka yi wa ba'a shi ne ya tsare mini amanata shekara guda da rabi.

Yanzu ga halin da ake ciki. Hanya ta ɗan yi sauƙi bana, wasu sun fara komawa suna sharar gona da rana su kwana a gari. Mai gari ya aiko cewa bayan girbi za a zauna a kan iyakoki. Na ɗauki littafi na rubuta abin da na tuna, na samu goma sha ɗaya da nake da yaƙini a kansu, sauran sun cakuɗe mini, ban san aduwar wa ce gabas da surin wa ba. Ta Hadiza na tuna ta kalma da kalma. Amma ni yayanta ne uwa ɗaya uba ɗaya, in na miƙe na ce Baba ya faɗa mini kuma na ɗauka amma ya goge, kai ma ka san irin kallon da za a yi mini. Muryar Baba ce ba a musu da ita, tawa ba ta kai ba.

Roƙona gare ka shi ne ka sake yin shirin nan, ka yi shi da mu a zuciyarka. Ka fara da cewa kada kowa ya danna amincewa sai ya kwafe abin da ba zai iya rasawa ba a filas ko memori, ya buɗe shi a wata na'ura ya tabbatar yana nan. Ka ce wanda batirinsa ya mutu kada ya fara sai inda ke da sola ko janareta mai tsayawa. Ka ce wanda na'urarsa ta tsufa ya tambayi mai sani ko za ta iya ɗauka, kuma jinkirin mako biyu ba ƙauyanci ba ne. Ka gaya wa jama'a cewa in ta lalace a tsakiya, kayansu suna nan, kada su yarda a wanke sai an ciro. Ka fassara musu wankin nan da kyau, cewa shara ce da ba ta barin ko tsinke. Su kuma masu gyara ka roƙe su, su daina tambayar mutum a gaban jama'a. Mutanenmu ba sa cewa kayansu na da muhimmanci a bainar mutane, ko don kunya, ko don sirri, ko don gudun ido. Su ja shi gefe, ko kuma su ɗauka kowace kwamfuta akwai amanar wani a cikinta, su kwafe kafin su taɓa.

Idan kuma cikin masu sauraronka akwai wanda Allah ya ba sanin ciro abin da aka riga aka zuba sabo a kansa, kwamfutar tana nan a naɗe, ban ƙara kunna ta ba tun da aka ce kunnawar tana ƙara binne abin. An ce mini kada in sa rai. Na ji, amma ban iya cirewa ba.

Roƙona na ƙarshe shi ne ya fi mini wuya. Hadiza ba ta karatu, don haka wannan takarda ba za ta same ta a rubuce ba, amma tana jin rediyo. Ban gaya mata ba har yau. Ranar Juma'ar da ta wuce ta zo gidana da 'yar gyaɗa a ƙullin zane, ta gaishe ni, ta rage murya ta tambaye ni ko maganar Baba tana nan lafiya, don an kusa zama. Na ce mata tana nan. Ta ce alhamdu lillahi, ta ce ta gaya wa yaran bana ce shekararsu ta ƙarshe a gonar mutane. Ni da ban taɓa yi mata ƙarya ba tun tana goye. In za ka karanta wannan a shirinka, kuma ina so ka karanta, don Allah ka ba ni mako guda. Zan je Garbadu in faɗa mata da bakina, bai kamata ta ji a rediyo ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa iliminka ya amfani jama'a, ya tsare ka da ɗaukar amanar da za ta kuɓuce maka. Allah ya jiƙan Baba Nomau da Garba da duk waɗanda muka rasa, ya mayar da kowa gidansa lafiya. In na yi maka kaushin harshe ka yafe mini, zuciya ce ba ta da daɗi.

Wassalam.

Naka mai saurare,
Malam Mande,
tsohon malamin firamare,
Talata Mafara.